Hannun da Aka Manta a Rufe

"Auta, ki kira mai kyamarar nan ki ce masa kada iyayensa su zo ranar Asabar."

Baba ne ya faɗi haka yana tsaye a ƙofar falo da kayan aiki a jikinsa. Ƙarfe goma na safe ne, lokacin da ya kamata a ce yana masana'antar sabulu. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya dawo gida a irin wannan lokacin ba, ko zazzaɓi yake yi sai ya kai yamma.

Ina durƙushe ina yanka yadin wata riga da aka kawo mini ɗinki. Almakashin ya suɓuce daga hannuna.

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu da zani. "Baban Auta, lafiya? Asabar ɗin da saura kwana uku? Mutanen da muka riga muka ce su zo a tsayar da magana?"

Baba ya waiwaya. Ya matsa gefe, sai ga Yaya Dogo a bayansa.

Yaya Dogo yaron Baba ne a wurin aiki, Baba ne ya koya masa komai, yanzu kuma shi ne shugaban sashen da Baba yake. Shekara biyu yana so na, shekara biyu ina gaishe shi ina sunkuyar da kai ina wucewa. Bai taɓa yi mini komai ba. Zuciyata ce kawai ba ta wurinsa.

Ya gaida Mama, ya ciro waya ya miƙa mata. "Mama, ki kalli wannan. Tallar fim ɗin ce, tun jiya take yawo."

Na leƙa ta kafaɗar Mama.

Wanda gidanmu ke kira mai kyamara, ni Darakta nake ce masa. Ba fim ɗin 'yan wasa yake yi ba. Mutane na gaske yake bi da kyamara, su faɗi abin da ke cin su, ya haɗa ya nuna wa duniya. An taɓa tsare shi kwana tara saboda wani fim da ya yi kan masu fasa dutse. Bara ya zo gidanmu ɗaukar Baba kan yadda ruwan sodar haɗa sabulu ke cinye hannun ma'aikata, ni na riƙe masa labule don haske ya shigo, daga nan abin ya fara. Watan jiya fim ɗin ya ci babbar lambar yabo a ƙasar waje. Baba ya yarda ya yi magana ne da sharaɗi ɗaya, cewa ba wanda zai gane shi.

A wayar ga mutum zaune, an lulluɓe fuskarsa da duhu, an mai da muryarsa kamar ta wanda ke magana a cikin rijiya. Sai kyamara ta sauko ƙasa ta tsaya a kan hannuwansa biyu. Babu farce ko ɗaya. Ƙaramin yatsan hagu ya lanƙwashe. Ga farin tabon nan da ya taso daga wuyan hannu.

Mama ta ce, "To ai ba a ga fuskarsa ba."

Yaya Dogo ya yi wata dariya mara daɗi. "Mama, a wurinmu wa ya san fuskar wani? Daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma kowa da takunkumi da tabarau da hula. Safar hannu ce kawai ba sa ba mu. Akwai wanda muka yi shekara uku tare, na gamu da shi a kasuwa ban gane shi ba sai da ya miƙo mini hannu. Da hannu muke sanin juna. Wannan kuwa, ko mai gadin ƙofa ya san na waye."

Mama ta miƙa masa wayarsa.

"Manaja bai gani ba tukuna," in ji shi. "Ni kuma wallahi ban buɗe baki ba, ba kuma zan buɗe ba. A talla daƙiƙa biyar ne, ana iya musu. Amma jibi gidan talabijin zai nuna fim ɗin gaba ɗaya."

Baba ya zauna a hannun kujera. "Shekara ashirin da tara. Wata takwas suka rage in ajiye aiki da mutuncina da haƙƙina. Ya zauna a nan, a kujerar nan, ya ce mini, Baba, ko matarka ba za ta gane ka ba."

"Ni dai tun farko hankalina bai kwanta ba," Mama ta juyo kaina. "Mutumin da yau yana nan gobe yana hannun hukuma? Ga yaro nan da aikinsa da hankalinsa, ya baro aiki ya rako ubanki gida. Ke kin nace sai mai yawo da jaka a kafaɗa, ko cin abinci kike sai ya ce sake, ban ɗauka ba."

"Mama, ki bar ta," in ji Yaya Dogo, amma ni yake kallo. "Auta, ni ba murna na zo yi ba. Sai dai ki duba da kyau. Wanda ya ci lambar yabo da hannun Baba, ya san abin da yake yi."

Ban san inda na samo murya ba. Kaina a ƙasa na ce, "Baba, in ya cire wurin fa?"

Baba ya juyo ya dube ni.

"In ya cire kafin ya kai wa gidan talabijin, iyayensa su zo Asabar. In bai cire ba, ki manta da shi."

* * *

Ban kira shi ba. Na jira Baba ya shiga ɗaki, na ɗauki mayafi na ce wa Mama zan sayo zare.

Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya. Matakalar ƙarfe ce mai kuka, ban taɓa hawanta ni kaɗai ba sai ranar. An manne bangon da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shiga, tagar kuma an rufe ta da baƙin labule. Lambar yabon da jaridu suka yi ta bugawa, ita ya sa ya tokare ƙofa don iska ta shigo.

Yana zaune gaban allon kwamfuta biyu da abin ji a kunne. Da ya gan ni ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi.

"Telata! Yau da ƙafarki? Ko awon rigar ango kika zo ɗauka? Ki rage wuyan, na rame."

Na buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa.

Ya ja mini kujera, shi ya tsuguna nesa kaɗan, yana jirana. Haka yake. In mutum zai yi magana ba ya katse shi, ko minti nawa zai yi. A haka na gaya masa komai, da maganar takunkumi, da maganar kasuwa, da sharaɗin Baba.

Ina kallo fuskarsa ta sauya.

"Hannu," ya ce a hankali. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hannu."

Ya miƙe ya kama kai. "Kwana huɗu na yi a kan wurin nan. Na rufe fuska, na sauya murya, na goge agogon bango, na goge kalandar da ke bayansa, har labulenku na sauya masa launi don kada maƙwabta su gane. A aikinmu in ba za ka nuna fuskar mutum ba, hannunsa kake ɗauka, haka aka koya mana, haka kowa ke yi. Shekara goma sha biyu ina haka. Na shiga masana'antar nan sau uku, na gan su da takunkumi da idona. Ban taɓa tambayar kaina da me suke gane juna ba."

"To ka rufe hannun ma."

"In na rufe fuska na rufe hannu, me ya rage? Duhu yana magana."

"To ka cire wurin. Minti nawa ne?"

"Huɗu."

"Minti huɗu kawai, Darakta. Fim ɗin awa ɗaya ne."

Ya ɗaga kujerar da ta faɗi ya zauna. "Mutum goma sha ɗaya suka yi mini magana. Goma baki kawai suka ba ni, suka ɓoye hannu a aljihu. Kamfanin ya ce duk ƙarya ce, ba wanda ya taɓa ƙonewa. Kwamitin binciken da zai zauna mako mai zuwa, saboda minti huɗun nan ya yarda ya zauna. Gobe da sha biyun rana zan miƙa wa gidan talabijin faifan."

"Ka ɗauki hannun wani."

"Wa? Ɗaya daga cikinsu da ya yarda daga baya ya rasu kafin in koma."

"Ka samo kowa, ka shafa masa wani abu. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ranar da aka kama ni da ƙarya ɗaya, duk wanda ya taɓa zama gaban kyamarata ya zama maƙaryaci."

Na zame daga kujerar na durƙusa a ƙasa. Ban taɓa durƙusa wa namijin da ba ubana ba. "Don Allah, don darajar iyayenka. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban san kwamiti ba. Baba na sani, kai na sani. Shekara guda ina jin gori a gida saboda kai, ban taɓa gaya maka ba. Yau ɗaya na roƙe ka abu. Ka cire."

"Tashi, Auta, don Allah tashi."

"Ba zan tashi ba sai ka ce to."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ki ji ni da kyau. Hannun nan na Baba ne, ba nawa ba. Laifin kuma nawa ne ni kaɗai. In Baba ya zauna a kujerar nan ya kalla ya ce ya janye maganarsa, a gabansa zan goge, ko fim ɗin zai mutu, ko za a karɓe lambar can. Amma ba haka ya ce ba. Cewa ya yi in na cire a ba ni ke. In na danna abin nan yanzu, ba don Baba na danna ba, don kaina na danna. Na sayar da mutum goma na sayi mata."

"Ashe ni ciniki ce."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka ce! Ka fi son fim ɗinka."

"Wallahi in na rasa ki ban san yadda zan yi ba." Muryarsa ta karye. "Amma ba zan ce miki to ba."

Na kifa kaina a kan kujera na yi kuka kamar raina zai fita. Ya bar ni na yi. Can ya ce, "Kin taɓa jin abin da ya faɗa? Ranar da muka ɗauka, da aka zo wurin nan, ya ce ki fita."

Na girgiza kai.

Ya cire abin ji, ya kunna sifika.

Hannuwan suka cika allon. Muryar rijiyar nan ta fara, amma ni na san inda Baba yake tsayawa ya ja numfashi.

"Ranar da aka haifi jikata ta fari, aka miƙo mini ita, na ce mura nake, kada in shafa mata. Ba mura nake ba. Hannun ne ba ya jin abin da ya riƙe. Tsoro na ji ta suɓuce ban sani ba. A gida ban taɓa faɗa ba. Kofin shayi ma da ido nake riƙe shi, in na ɗauke ido sai ya faɗi, su ce tsufa ne. Ni nawa ya ƙare. Amma yaran da suke ɗauka yanzu, wasu ba su kai ɗana ba. Hannunsu sumul. Ina kallonsu suna tsoma shi a ruwan nan, na san ranar da farcen farko zai fita."

Na tuna ranar. Ni na karɓi jaririyar daga hannun babbar yayata, har na yi wa Baba tsiya na ce tsohon nan tsoron amaryarsa yake.

Na toshe bakina da mayafi.

"Mai da shi baya. Daga farko."

Mu duka muka juya. Baba ne a bakin ƙofa, Yaya Dogo a bayansa da makullin babur a hannu. Duk kukan da matakalar nan take yi, ba mu ji hawansu ba.

* * *

Darakta ya zube ƙasa. "Baba, na cuce ka. Ba ni da bakin..."

"Na ce ka mai da shi baya."

Baba ya zauna a kujerar. Minti huɗun nan ya kalle su bai ƙifta ido ba. Da aka zo wurin yaran, na ga Yaya Dogo ya dubi nasa hannun, ya tura shi aljihu.

Allon ya tsaya. 

"Yanzu in na ce ka goge, ka goge?" in ji Baba.

"Yanzun nan, Baba."

"In ka goge, zaman da za a yi fa?"

"Zai yi wuya a yi shi."

Baba ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa yana kallonsu, kamar yau ya fara ganinsu. Sannan ya nuna allon da haɓa. "Wannan duhun da ka sa mini a fuska, yana fita?"

Darakta ya ɗago. "Yana fita."

"Muryar fa?"

"Ita ma ina da ta ainihi."

"To cire su duka. Tunda za a san ni, a san ni da fuskata. Ban yi sata ba da zan riƙa magana kamar aljani."

"Baba!" Yaya Dogo ya matso. "Wata takwas fa! Wallahi ranar Litinin ba za su bar ka ka wuce ƙofa ba. Ni kaina ba abin da zan iya yi maka."

"Na sani, Dogo. Ka yi naka, Allah ya yi maka albarka. Kai ma ka riƙa duba farcenka."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na share hawaye, na dubi Darakta, shi ma ya dube ni. Na ɗauka shi ke nan, an wuce wurin.

Baba ya miƙe ya gyara rigarsa.

"Maganar Asabar kuma tana nan yadda na faɗa. Kada kowa ya zo mini gida."

"Baba?" Ban san na yi magana ba.

"Tun daga tsakiyar matakala nake jin ku." Bai dube ni ba, Darakta yake kallo. "Yarinyar nan ko ruwa ba ta iya roƙo a gidan mutane. In an yi baƙi, bayan ƙofa take ɓuya. Yau ta tako ita kaɗai ta durƙusa maka tana kuka, kai kana yi mata bayanin aiki. A matsayina na ma'aikaci, na gode maka, ka fi mu duka ƙarfin zuciya. Amma ni uba ne. Yau ubanta ne a cikin faifan. Gobe wani ne, jibi a zo a tafi da kai, ta durƙusa ta ce kada ka fita, ka ce mata ba za ka ce to ba. Ban haifi 'yar da za ta ƙare rayuwarta a durƙushe ba."

"Baba, ka ba ni dama in..."

"Ka yi aikinka, yaro. Gobe sha biyu ka ce, ko? Auta, taso mu tafi."

Na miƙe. Yaya Dogo ya matsa ya ba ni hanya, har da sunkuyar da kai. A bayana na ji Darakta ya ce, "Telata," a hankali, sau ɗaya. Ban juya ba. Da na juya da ban iya fita ba.

Baba yana gaba ina biye. Yana sauka yana kallon hannunsa a kan ƙarfen matakala, taki ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa ana ta buga taya, motoci suna wucewa, kowa yana harkarsa.

Tun ina yarinya in Baba ya yanke magana, to nake cewa. Makarantar da aka ce in bari, to na ce. Ɗinkin da aka ce in koya, to na ce. Yanzu ma kalmar tana bakina, na ji ta a kan harshena.

Muka kai tsakiyar matakala.

"Baba."

Bai tsaya ba.

"Da ya ce mini to ɗazu, da ni zan ce kada su zo."

Baba ya tsaya cak. Yaya Dogo da ke bayana ya kusa tunkuɗe ni. A sama kuma na ji an ja kujera.

Baba bai juyo ba. "Me kika ce?"

Ban taɓa maimaita wa Baba magana ba a rayuwata. Na riƙe ƙarfen matakalar da hannu biyu, na ɗaga kaina, na maimaita.